Harafin da Ya Zo Ba Ƙugiya

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, kamar yadda mahaifinmu ya saba mana da fara kowane abu, ko da tufkar igiya ce. Wannan babi naka ne, Yusufu ɗan ƙanena, kai da 'yan'uwanka da na haifa. Ranar da ka dawo daga Gagarawa ka tambaye ni ko gaskiya ne kakanka ya kashe ubanka a gaban alƙali ba tare da ya ga gawa ba, ban ba ka amsa ba. Na ce ka bari in gama igiyar da ke hannuna. Ba raini ba ne. Bakina ba ya iya jera magana mai nauyi, sai ta harɗe mini. Hannuna kuwa, ko da yake sai da na kusa arba'in ya koyi boko, yana da haƙuri. To ga amsar.

Mahaifinmu shi ne limamin ƙauyenmu, can tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, inda gonarmu ta ƙarshe ke kallon ƙasar Nijar. Mutanen gari suna ce masa Liman, mu a gida Malam. Ba irin manyan malaman da ake zuwa wurinsu da mota ba ne. Masallacinsa na ƙasa ne, sahu huɗu, in damina ta yi ƙarfi sai an kauce wa kusurwar kudu. Shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ke raba rigimar iyakar gona. In labarin mutuwa ya zo daga nesa, shi ake fara kawo wa, domin shi ya san yadda ake shiga gida da shi. Yana da wata al'ada bayan sallar asuba da ta magariba: yakan yi addu'a kashi uku, yana kiran kowa da sunansa. Da farko marasa lafiya, sannan matafiya, sannan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. In kana son ka san halin da garin ke ciki ba ka bukatar rediyo, ka zauna a sahu na biyu ka saurara. Mun sha jin suna ya tashi daga kashi na farko ya koma na uku, sai masallaci ya yi tsit.

Ni ne ɗan fari, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakinsa ko a bakin Inna ba. Mai Igiya suke ce mini, don sana'ata ke nan: ina tufka igiyar kaba in kai kasuwar shanu ta Maigatari ranar Alhamis. Na yi allo, na sauke, amma boko bai biyo ta kaina ba. Ubanka Habu, wanda na girma da shekara goma sha biyu, shi aka kai makaranta a Gumel. Yana gamawa ya ce soja yake so. Malam bai so ba, amma bai hana ba. Ya ce wanda ke tsaron rayukan mutane ba a tare masa hanya, sai dai a bi shi da addu'a. Tun daga ranar sunan Habu ya shiga kashi na biyu, cikin matafiya. Da yaƙin gabas ya yi zafi aka tura su Borno, sunan ya ƙara nauyi a bakin Malam, duk da bai taɓa ɗaga murya a kansa fiye da na 'ya'yan wasu ba.

Yaƙin bai iso mu da bindiga ba, amma ya iso. Ya iso da shingayen bincike a hanyar Gumel. Ya iso da mutanen da suka gudo daga gabas, da tabarmi a ka, waɗanda Malam ya sauke a filin bayan masallaci. Ranar Juma'a samari suna laluben kowa a bakin ƙofa, Malam kuwa shi ke fara tsayawa ya ɗaga hannuwa a lalube shi, don kada wani dattijo ya ji kunya. A shekarar ce kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci. Dalilina ɗaya: Habu yana turo saƙo a waya in layi ya ƙi, ni kuma sai na zaga gari neman mai karanta mini. Malam Isyaku, tsohon malamin firamare, shi ke koya mana bayan la'asar, mu goma sha ɗaya, duk masu gemu. Da Habu ya ji, dariya ya yi ta yi a waya.

"Yaya, ashe za mu yi farfesa a gidanmu! Ka dai yi a hankali, kada ka tufke haruffan su zama igiya."

"Kai dai ka riƙa turowa," na ce. "Za ka gani."

Abin da Malam Isyaku ya fi matsa mana a kai shi ne haruffa masu ƙugiya. Yakan zana b a allo, sannan ya zana ɓ kusa da ita, ya buga allon da alli.

"Ƙugiyar nan ba ado ba ce, dattawa. Bari daban, ɓari daban. Wanda ya rubuta wa surukinsa cewa aiki ya ƙare, ya manta ƙugiya, to kare ya aika gidan surukai. Abin da kuka gani shi za ku karanta. In babu ƙugiya, kada ku sa ta da bakinku."

Na riƙe wannan magana kamar yadda nake riƙe bakin igiya. Ni mutum ne mai bin abin da aka ce.

Mahaifiyarka Rabi tana da tsohon cikinka a lokacin. Da ta je haihuwa gidansu a Gagarawa kamar yadda ake yi wa 'yar fari, amma mahaifiyarta ta rasu, sai Inna ta ce ba inda za ta, ita za ta yi mata jego. Ranar Lahadi Habu ya kira, layi ya yi kyau kamar yana bayan katanga. Ya ce Asabe, matar abokinsa Kofur Iliya, za ta taho gida Gumel daga bariki a cikin makon, zai ba ta saƙo ta kawo: atamfa ta Rabi, kayan jariri, da hular Borno ta Malam. Ya ce in namiji ne a sa masa sunan Malam. Inna ta karɓe wayar ta ce ita fa, ko an manta da wadda ta haife shi? Ya ce nata saƙon shi ne shi kansa, da ƙafafunsa zai kawo. Wannan ce muryarsa ta ƙarshe da muka ji.

Ranar Alhamis aka haife ka a asibiti a Gumel, da ƙyar. Rabi ta zubar da jini har sai da aka ƙara mata. Da za a sallamo mu, ma'aikaciyar jinya ta ja Malam gefe ta ce jininta ya hau, a kiyaye ta da duk abin da zai tayar mata da hankali har ta yi ƙwari. Na yi ta neman Habu in yi masa albishir, layi ya ƙi. Na nemi Iliya, sau ɗaya ta shiga. Na ɗaga murya na ce an haihu, namiji, Habu ya ba Asabe saƙon kuwa? Abin da na ji kawai shi ne "Yaya, Yaya," sai ta yanke.

Ranar Asabar da hantsi waya ta yi ƙara a aljihuna. Muna tsakar gida. Inna tana dama kunun kanwa, Rabi tana ɗaki da kai, labule a ɗage, Malam yana kan buzunsa a inuwar ɗaki yana gyara alƙalami. Saƙo ne daga Iliya. Matata Hansai ta ce a kira ɗan maƙwabta ya karanta. Na ce ba wanda za a kira, yau gidan nan yana da mai karatu. Na gyara tsayuwa, na bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Har yau ina iya zana su yadda suka zo:

kuyi hakuri Habu ya bata tun ran laraba muna ta addua

Na isa kalmar nan ta tsakiya na tsaya, na duba harafin farko da kyau. Miƙaƙƙe ne, ba ƙugiya. Kuma ga tambayar da na yi masa shekaranjiya. Sai na ɗaga kai da murmushi.

"Ya ce mu yi haƙuri, Habu ya ba ta tun ran Laraba. Saƙo yana hannun Asabe. Kuma suna ta yi wa mai jego addu'a."

Inna ta rangaɗa guɗa da muciya a hannu. Hansai ta leƙa ɗaki tana tsokanar Rabi cewa atamfar Borno tana tafe, sai a yi musu aron ɗankwali. Na ji dariyar Rabi, karon farko tun haihuwa. Malam bai ɗago daga alƙalaminsa ba.

"Mai Igiya, sake karanta mini daga farko. A hankali."

Na sake. Ya ajiye alƙalamin.

"Alhamdu lillahi a kowane hali," ya ce. "Mai da wayar nan aljihu. Kada ka ba yara su yi ta latse-latse."

Na ɗauka yabo ne. Na wuni ina jin kaina kamar wanda ya ci sarauta.

Kwana biyar suka biyo baya, kuma su ne nake so ku gane. Malam ya ja mu salla sau ashirin da biyar, muryarsa ba ta karye ba. Ya zaɓi ragon suna da kansa. Kullum da safe yakan tsaya daga bakin ƙofar Rabi ya tambayi kwanan mai jego, ita kuma ta amsa daga ciki a hankali saboda kunya. Abu biyu kawai na gani ban fahimta ba. Tuwonsa yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Sannan sau biyu na same shi a bayan gari wajen tsamiya, inda layi ya fi kamawa, riƙe da tsohuwar wayarsa da ba ya taɓa ɗauka, yana neman lamba yana kasa samu. Ranar suna, bayan an raba goro da dabino, kowa yana jiran ya ji sunan Malam kamar yadda Habu ya roƙa. Malam ya ɗaga hannu ya ce sunan yaro Yusufu. Ladan Garba, abokin wasansa tun suna yara, ya dube shi.

"Liman, ka ƙi takwara? Ko kana tsoron ya ƙwace maka matar?"

"Matar tawa ta tsufa, ba zai so ba," in ji Malam, aka yi dariya. "Wannan sunan ya fi nawa dacewa."

Babu wanda ya tuna a lokacin cewa sunan Annabin da ya ɓace wa mahaifinsa ne, ya kuma dawo. A cikin gida mata suka yi ta shagali har yamma. Inna, da ciwon gwiwarta, ta yi rawa.

Washegari na hau babur zuwa Gumel karɓo saƙo. Na yi sallama a gidan su Asabe ina cewa na zo ɗaukar kayan ango. Ta fito, ta gan ni ina murmushi, sai ta dafe bango.

"Yaya, ba ku ga saƙon Iliya ba?"

"Mun gani. Ai shi ya ce ya ba ki."

Ta durƙusa a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Da ƙyar na tattara maganarta. Ranar Laraba, kwana ɗaya kafin a haife ka, an fita da su Habu daji, aka yi musu kwanton ɓauna. Wasu sun dawo da ƙafarsu, wasu an kwaso su. Habu ba ya cikin waɗannan, ba ya cikin waɗancan. Na ciro wayar, na sake duba kalmar. Tana nan yadda take. Ya ɓata. Habu ya ɓata tun ran Laraba. A waya ba a sa ƙugiya, kowa ya san haka, ban da ni da na fi kowa kiyaye ƙa'ida.

Ban san yadda na iso gida ba. Malam yana zaure shi kaɗai. Ya dubi hannuwana, babu komai a cikinsu. Na durƙusa gabansa.

"Gawa ko ɓata?" ya ce.

"Ɓata, Malam. Ni ne na karanta ba daidai ba. Na sa gida rawa a kan..."

"Na sani tun ranar Asabar."

Na ɗago na dube shi.

"Shekara arba'in ina kai wa mutane labari. Ban taɓa ganin an buɗe albishir da 'ku yi haƙuri' ba. Da na gyara maka a tsakar gida, yarinyar nan tana ji ta labule, da wataƙila rashi biyu muke nema wa haƙuri yau. Allah ya sa kuskure a bakinka ya zama magani. Shirun kuwa nawa ne, ba naka ba. Ni zan amsa shi."

Ya amsa shi kuwa. Shi ya shiga ya gaya wa Rabi, bayan ya sa Hansai ta karɓi jariri ta zauna kusa da ita. Rabi ta ɗauka da ƙarfin da ban zata ba. Inna ce ba ta ɗauka ba. Ba ta yi kururuwa ba, ta tsaya a gabansa ta faɗi magana ɗaya, ni ma na ji.

"Malam, kana kallo na yi rawa."

Wata biyu tana kai masa abinci ta ajiye ta juya, ba ta zama. Mutanen da suka shekara arba'in da biyar suna hira a kan tabarma ɗaya. Bai taɓa kare kansa ba. Ni kuma na daina zuwa aji. Na cusa littafina a ƙarƙashin tarin kaba, na ce hannun da aka yi don igiya ya tsaya a igiya.

Da magaribar ranar da labarin ya fito duk masallaci ya kasa kunne. Malam ya gama marasa lafiya, ya shiga matafiya, ya ce "da Abubakar," kamar kullum, ya wuce. Aka gane. Ba za a yi zaman makoki ba. Wata gwaggon Rabi da ta zo daga Gagarawa ta ɗauke ka tana rawa da kai tana cewa Audi, sunan da ake yi wa yaron da ubansa ya mutu kafin a haife shi. Malam bai saba sa baki a maganar mata ba, amma ranar ya yi gyaran murya daga zaure.

"Hajiya, ba Audi a gidan nan. Yusufu ne."

Na je Borno sau biyu a shekarar. An karɓe ni da mutunci, an nuna mini akwatinsa, an ce ana nema. A cikin akwatin na tarar da atamfar da kayan jariri da hular, a ɗaure cikin leda ɗaya, da sunan Asabe a rubuce da hannunsa. Bai samu ya ba ta ba. Malam ya karɓi hular ya ajiye a saman littattafansa, bai sa ba.

Da wata shida suka wuce, kakanka na wajen uwa, Baba Tanko, ya zo da kwandon albasa da tambaya a bakinsa. Mutum ne mai kunya, sai da ya zagaya ta ruwan sama da farashin taki kafin ya iso.

"Liman, ba gaggawa nake ba. Amma yarinyar nan shekararta ashirin. Me littafi ya ce?"

"Matar wanda ya ɓata tana jira shekara huɗu," in ji Malam.

Baba Tanko ya ce to, Allah ya ba da haƙuri, ya tafi. Wa zai ja da liman a kan littafi? Rabi kuwa ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Tana daka, tana goyonka, tana gaishe da Malam a durƙushe. Amma ba matar aure ba ce, ba mai takaba ba. Ranar Salla mata suka yi lalle, ta miƙa hannu, sai ta janye. Hansai ta gaya mini wata rana ta same ta zaune a kan sallaya, hannuwa a buɗe, ba ta cewa komai. Ta ce mata, "Yaya Hansai, ban san wadda zan yi masa ba. In na ce Allah ya dawo da shi, sai in ji kamar na hana shi addu'ar da yake bukata. In na ce Allah ya ji ƙansa, sai in ji kamar ni na kashe shi."

Damina ta zagayo, ka fara tsayawa da bango. Wata la'asar ina zaure ina tufka, Malam yana duba littafi, sai ga wata mata daga cikin baƙin da suka gudo daga gabas, Falmata, da ƙanenta. Ta zauna daga bakin ƙofa ta ce mijinta yana cikin masu tsaron garinsu ranar da aka yi artabu, tun daga ranar ba shi ba labarinsa, an nema har an gaji, yau shekara biyu. Tana so ta san matsayinta. Malam ko littafin bai buɗa ba.

"'Yata, wanda ya ɓace a fagen yaƙi ba kamar wanda ya tafi fatauci ya ɓace ba ne. Shi ɗan fatauci ake jira wa shekara huɗu. Na yaƙi, in an bincika an rasa, mafi tsawon abin da malamai suka ce shekara guda ne. Ki je gaban alƙali ya tabbatar, ki yi takaba. Addini bai zo don ya rataye mace tsakanin sama da ƙasa ba."

Suka yi godiya suka tafi. Hannuna ya tsaya a kan igiyar. Ban ɗago ba. Kaji suka shigo zauren suka fita.

"Mai Igiya."

"Na'am, Malam."

"Ka ji abin da na gaya mata?"

"Na ji."

Ya jawo littafin, ya buɗe inda ya sa tsinke, ya juya shafi ɗaya kawai gaba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Shafi biyu ne a jere. Na san su tun kafin a haife ka. Shekara guda ina buɗe wannan, ina dafe wancan da tafin hannuna. Kai ka karanta abin da aka rubuta, ka bar karatu don kunya. Ni na karanta abin da nake so, ina nan ina limanci."

Ban taɓa ganin hawayen Malam ba sai ranar. Bai share ba, ya bar su suka shiga gemu. Sannan ya ce in kira masa Inna. Ta zo ta tsaya. Ya ce ta zauna, don Allah. Ta zauna a gefen buzun, karon farko a gabana tun ranar nan. Ya gaya mata komai, bai rage ba. Na zaci za ta tashi. Sai ta ce, a hankali, ita ma ta daɗe tana kallon hannun yarinyar nan ba lalle, tana kawar da kai.

Aka kira Rabi. Ta durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa. Malam ya ce mata ya zalunce ta wata shida, tun ranar da ya ba mahaifinta amsar da ba ita ce tata ba, ta yafe masa. Ya ce ba korarta yake ba, gidan nan nata ne har abada in tana so. Amma hanya a buɗe take, kuma hakkinta ne ta san a buɗe take. Ta yi kuka mai yawa. Da ta samu murya, ba ta ce tana son tafiya ba, ba ta ce tana son zama ba.

"Baba, in na yi takabar, na ci amanarsa?"

"A'a, 'yata. In akwai laifi a ciki, a wuyana yake. Ni zan kai ki."

Shi ya kai ta kuwa. Bai yarda ya yanke hukunci a kan ɗansa da kansa ba, ya ce uba ba ya zama alƙalin cikinsa. Muka tafi Gumel mu huɗu da Baba Tanko. Ranar ce Malam ya sa hular Borno. Ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida da bakinsa cewa an nemi ɗansa shekara guda ba a same shi ba. Wannan ita ce tsayuwar da aka ba ka labari a karkace, Yusufu. Ba kashe ubanka ya yi ba. Uwarka ya kwance. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma a ɗakin Inna, daga baya ta koma Gagarawa, Allah ya haɗa ta da mutumin kirki da ka sani. Ranar da za ta tafi da kai a bayanta, Malam ya raka ku har bakin titi, ya dawo ya zauna a zaure bai buɗe littafi ba har la'asar. Ya san da shekara huɗun nan ya riƙe, da kana wasa a gabansa duk tsawonsu.

Magaribar ranar da muka dawo daga wurin alƙali, masallaci ya cika har waje. Kowa ya san yau suna zai tashi daga kashi na biyu ya koma na uku. Malam ya gama marasa lafiya. Ya shiga matafiya, ya kira ɗan Ladan da ke Legas, ya kira masu fataucin shanu. Ya ɗan tsaya. Sai ya ce, "da Abubakar." Da aka watse Ladan Garba ya tare shi a bakin ƙofa yana neman takalmansa.

"Liman, ka manta ne, ko tsufa ne?"

"Ban manta ba, Garba. Littafi ya ce in buɗe wa yarinya ƙofa, na buɗe. Bai ce in rufe tawa ba."

A hanyarmu ta gida ya ce gobe in tono littafina daga ƙarƙashin kaba, ya san inda na ɓoye shi. Ya ce gidan da mutum biyu suka yi kuskuren karatu ba ƙarancin karatu yake bukata ba. Na koma aji. Na nuna wa Malam Isyaku saƙon, don ban taɓa goge shi ba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan kalma ta biyu. Haƙurin ma ba ƙugiya ya zo, ya ce, amma ka sa masa da bakinka ba ka sani ba, domin shi ka saba da shi. Daga ranar ya ƙara darasi ɗaya a ajinsa, na karatun waya, kuma bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba.

Malam ya yi shekara shida bayan haka, bai fasa kiran sunan Habu cikin matafiya ko sau ɗaya ba. Ranar da muka binne shi, na'ibinsa ya ja magariba. Ya sa Malam a kashi na uku, muka ce amin. Amma kafin nan, da ya zo kan matafiya, ya waiwayo ya dube ni a sahun farko. Na gyaɗa kai. Har yau ana faɗa, ka sha ji da kunnenka, wataƙila ka zaci wani Abubakar ne. Ubanka ne.

Na bi takardun nan sau uku da yatsa ina duba ƙugiyoyi, in akwai wadda ta kuɓuce mini ku sa mata, ku da kuka fi ni boko. Amma kalma ɗaya kada wanda ya gyara mini ita. Ban rubuta cewa Habu ya rasu ba, domin ban sani ba. Na rubuta abin da aka aiko mana, na sa masa ƙugiyarsa. Ya ɓata. Allah ya kai matafiya gida.